RA'AYI: Rawar gargajiya a Gombe ta fi ƙarfin tarbar baƙi

A ƙarshen shekarar da ta gabata aiki ya kai ni birnin Gombe, inda na halarci wani taro da aka shirya domin wani babban baƙo daga Abuja. Tun da hantsi aka jera ƙungiyoyin masu rawa uku a bakin ƙofa, cikin rana, da ganguna a kafaɗa da akayau a ƙafa. Baƙon bai iso ba sai bayan azahar. Da motarsa ta tsaya, wani matashi mai riƙe da jadawalin taro ya ɗaga hannu, kiɗa ya tashi. Kafin minti biyar ya sake ɗaga hannu, kiɗa ya mutu. Aka ɗauki hoto, baƙo ya shige, masu rawa suka koma gindin bishiya suna jiran kuɗin mota.

A nan na gaisa da wani dattijo makaɗi, na tambaye shi wanda zai gaje shi. Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ya ce 'ya'yansa duk sun kama wasu sana'o'i, kuma bai ga laifinsu ba, tunda sun ga abin da ganga ta saya wa ubansu.

Ina rubuta wannan ne ga irin wancan matashi mai jadawali, da ma'aikatan tarayya da hadiman manya da ke tsara irin waɗannan tarurruka, domin abin da suke ɗauka ado ne na minti biyar, dukiya ce da ke zurarewa a gaban idonsu.

Jihar Gombe, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, ƙananan hukumomi 11 kacal gare ta, amma ta tara al'ummomi masu yawa. Akwai Tangale a Billiri da Kaltungo, da Tula a kan duwatsunsu, da Waja da Cham da Dadiya a Balanga, da Tera a Yamaltu/Deba, da Bolewa da Fulani. Kowace al'umma da takunta: Tera na da Ngorda, Tangale na da Bit-bit. A asali kowace rawa tana da lokacinta da dalilinta, wata ta kaka ce bayan an kai amfani gida, wata ta aure, wata ta jarumta, wata ta rakiyar dattijon da ya rasu. A cikin waƙoƙin da ke tafiya da su ne ake adana sunayen kakanni da tarihin ƙaura da kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin yaran da suka tashi a birni da Hausa da Turanci. Idan aka yanke rawa daga lokacinta, aka datse waƙarta don kada baƙo ya gaji, abin da ya rage motsa jiki ne kawai.

Ƙasar Filifin ta bi ta wannan hanya kafin mu, kuma akwai darasi a tafiyarta. A shekarun 1920 wata malama, Francisca Reyes Aquino, ta riƙa shiga ƙauyuka tana rubuta raye-rayen mutanen karkara taku bayan taku, har suka shiga darussan makarantu. Daga baya ƙungiyar Bayanihan ta kai raye-rayen ƙasar baje kolin duniya na Brussels a 1958, duniya ta san Singkil, rawar al'ummar Maranao ta tsibirin Mindanao, wadda mace ke takawa a tsakanin gorori ana buga su da juna. Sai dai masana a can sun daɗe suna ƙorafin cewa abin da ake nunawa a dandamali ya sha kwaskwarima don ya burge 'yan kallo, har ya yi nisa da na gida.

Gyaran da suka yi shi ne abin koyi. A 1992 suka yi dokar karrama gwanayen gargajiya masu rai, ana ba su alawus na wata-wata bisa sharaɗin su koyar da na baya. Hukumar al'adunsu ta kuma kafa makarantun al'adu masu rai, inda gwani ke koyar da yaran ƙauyensu, a cikin ƙauyensu, da harshensu. A 2021 UNESCO ta saka wannan tsari cikin jerin kyawawan hanyoyin kare al'adu. Sun gane cewa jikin mutum ne rumbun rawa, ranar da aka binne gwanin da bai koyar ba, an binne ta tare da shi.

Mu ma muna da hukumomi. Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa tana nan tun 1975, tana shirya bikin NAFEST. Mun karɓi baƙuncin FESTAC a 1977. Mun amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a taɓawa da hannu, kuma bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerinta a 2016, Kwagh-hir na Tibi a 2019, hawan sallar Kano a 2024. Inda muka gaza shi ne, kuɗinmu na ƙarewa a biki, a rumfa da masauki da anko, makaɗin da bikin ya dogara da shi kuwa shi ne na ƙarshe a takardar biya.

Na san wasu za su kawo batun addini, domin a masallaci da coci duka akwai masu kallon waɗannan raye-raye a matsayin ragowar tsafi. Damuwa ce da ta cancanci a saurare ta. Amma Maranao Musulmi ne, kuma ba su jefar da Singkil ba. Al'umma ce ke da ikon tace abin da za ta riƙe da wanda za ta ajiye, tare da malamanta da dattawanta. Abin da bai kamata ba shi ne talauci da wulaƙanci su yanke mata hukuncin. Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar rayuwa, wa ke ta rawa? Amsar ita ce, abin da ake kashewa a ƙawata zaure na yini guda zai riƙe gwanaye da dama na tsawon watanni.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk ofishin da ya gayyaci masu rawa ya rubuta musu lada a kasafin taron kamar yadda ake rubuta wa mai abinci, ya ba su inuwa da ruwa, a kuma faɗi sunan rawar da al'ummarta da ma'anarta a lasifika. Ma'aikatar al'adu ta tarayya ta haɗa hannu da gwamnatin jiha da fadodin Mai Tangale da Mai Kaltungo da Mai Tula da sauran sarakuna, a tantance gwanayen da suka rage, a ɗora su kan alawus da sharaɗin koyarwa. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su tura ɗalibai su naɗi kiɗa da waƙa da bayanin dattawa, a ajiye kwafi a hannun al'ummar da ta mallake su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Dattijon nan da na bari a gindin bishiya ya haura saba'in. Idan takardar da za ta taimake shi tana kan teburin wani a Abuja, a sa mata hannu tun yana iya ɗaga ganga.