NGURU: KUKAN JIRGI DA KUKAN RUWA

Duk wanda ya zauna da dattawan Nguru, kafin hira ta yi nisa sai ya ji an kawo zancen jirgin ƙasa. Su kan ce da jirgi garin ya tashi, da jirgi kuma ya kwanta, in da Gwamnati za ta gyara hanyar dogo da kome ya koma yadda ya ke a da. Maganarsu da gaskiya a ciki, amma a ganinmu rabin gaskiyar ke nan, rabin da a ke bari kuwa shi ya fi nauyi.

Ba jirgi ne ya kafa Nguru ba. Ƙasar Mangawa ce, kuma tun zamanin sarakunan Barno na da a nan Galadima ya ke zaune, shi ne mai tsaron yammacin daular. Amma lalle jirgi ne ya mai da ita kasuwa. A cikin 1930 dogo ya iso daga Kano, tafiyar mil 143, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya zo nan ya tsaya. Tsayawar nan ita ce arzikin garin, gama duk mai kaya daga gabas ko daga arewa tilas ya kawo su inda dogo ya ƙare. Gyaɗa da ƙaro, fatu da ƙiraga, bandar kifi daga Tafkin Cadi, shanu daga ƙasar da Faransa ke mulki a lokacin, duk a tashar Nguru a ke loda su zuwa Kano da Ikko. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwara suka zo, Kanawa da Yarabawa da Ibo suka zo, gari ya cika.

To, me ya kwantar da shi? A cikin 1964 wani dogon ya isa Maiduguri ta Bauci da Gwambe, kayan Barno suka sami wata ƙofa. Titunan kwalta suka yawaita, manyan motoci suka ƙwace lodi. Sa'an nan aka yi babban farin 1972 da 1973, a cikin 1975 kuma cuta ta auka wa gyaɗa a duk Arewa, har a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Mai lura zai ga ba sakacin Reluwe kaɗai ya hana jirgi zuwa ba, ko da ya ke sakacin ma an yi shi. Kayan da za a zuba a taragu su ne suka ragu.

Nan ne zancen ruwa ya shigo. Ruwan saman da Nguru ke samu a shekara bai fi wajen inci 20 ba, watau milimita 500, yawancinsa kuwa tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka. Sauran watanni sai ƙurar hunturu, sai zafin bazara mai hana barci. Da ruwan sama kaɗai ƙasar ta dogara, da gero da ɗan wake ne iyakar abin da za ta bayar. Abin da ya bambanta ta da maƙwabtanta na arewa shi ne Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are, waɗanda ke kwaso ruwa daga ƙasar Kano da duwatsun Jos, su zo su bazu a tsakanin tuddan rairayi wajen Agusta da Satumba. Da ambaliyar nan a ke noman shinkafa. In ruwa ya janye a shuka wake a danshin da ya bari, masunta su kama kifi a tafkuna, makiyaya su sami ɗanyar ciyawa da rani, rijiyoyi kuma su cika ta ƙarƙashin ƙasa. Gona ɗaya ta ciyar da mutum uku a shekara, manomi da masunci da Bafillace, ba wanda ya biya kwabo don famfo.

A cikin 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Tun daga nan kogin ya sake hali. Ambaliyar damina ta ragu ƙwarai, da rani kuwa, lokacin da ya kamata rafuka su bushe, sai a yi ta sakin ruwa kaɗan kaɗan domin masu noman rani. Ciyawar kachalla ba abin da ta ke so kamar wannan. Ta toshe hanyoyin ruwa na asali, ruwa ya karkata ya bi ta Marma zuwa Tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, alhali na wajen Gashuwa suna kukan ƙarancinsa. Cikin kachallar kuma jan-baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafar da ta tsira. A cikin 2000 aka sa tafkin da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai cin rani. Abin alfahari ne, sai dai takardar shaida ba ta cire kachalla.

Ba mu ce a rushe madatsun ba. Birnin Kano na shan ruwansu, manoman Kadawa da Kura kuma da su su ke noman shinkafa da alkama da tumatir, su ma talakawa ne masu iyali. Amma masanan da suka auna al'amarin a farkon shekarun 1990 sun samu cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba bisa ga kwatankwacinsa da aka zuba a gonakin ban-ruwa na Kano. Shawarar da suka bayar mai sauƙin faɗi ce: a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina yadda zai kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage shi da rani har rafuka su bushe, kachalla ta mutu. A cikin 2006 jihohi shida da kogin ya shafa suka kafa asusu domin gyaransa, an kuwa yi yashe a wurare, amma yashe ba tare da gyara lokacin sakin ruwa ba kamar shara ce a ranar iska.

Sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da aka soma a 2021 bai bi ta Nguru ba, kuma ba laifi mutanen garin su ci gaba da neman a gyara nasu. Roƙonmu ga malaman makaranta da malaman ofis, tun da su ke rubuta wa jama'a takardun koke, shi ne in za su rubuta na gaba su fara da ruwa. Su nemi a bayyana wa dagatai da sarakunan ruwa ranar da za a buɗe Tiga da Challawa da ranar da za a rufe, tun kafin shuka, a kuma ba wakilan Nguru da Gashuwa kujera a inda a ke yanke wannan shawara.