Dokar NCAA: Wa Take Kamawa, Wa Take Ƙyalewa?

A shekarar 2010, NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hukunta Jami'ar Kudancin Kalifoniya domin tauraronta na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, Reggie Bush, da danginsa sun karɓi kuɗi da gidan zama daga masu neman zama wakilansa. Aka hana ƙungiyar wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka rage mata guraben tallafin karatu 30, Bush kuma ya mayar da kofin Heisman da ya ci a 2005.

To, a dubi Jami'ar Karolina ta Arewa. Shekara 18 ana ba ɗalibai maki a darussan bogi da ba a shiga aji, kusan rabinsu ƴan wasa ne. A 2017 hukumar ta ce ba huruminta ba ne, tunda sauran ɗalibai ma sun amfana. A ganina wannan hujja ta fi laifin muni: ashe in zamba ta game kowa, sai ta halatta! An tsananta a kan abin da ya shiga aljihun yaro, an yi sakaci da karatunsa, alhali karatun ne hukumar ke cewa tana karewa.

An mayar wa Bush kofinsa a 2024. Guraben nan 30 kuwa, ba a mayar wa kowa ba.