Lissafin yaro daga tsakar gida yake farawa

Idan kaka ta yi, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Makoɗa, zai ga dammunan gero da dawa jingine a gindin rumbu, ga gyaɗa an baza tana shan rana. A cikin waɗannan gidaje akwai ɗan shekara shida da yake rera ƙirga da Turanci har ɗari, amma idan ka zuba masa ƙwayar gyaɗa bakwai, ka ce ya ba ƙaninsa uku ya faɗi abin da ya rage, sai ya tsaya yana kallonka. Laifin namu ne, domin mun bar bakinsa ya riga hannunsa sanin adadi.

Ba mu raina hadda ba, da ita aka tsare mana Alƙur'ani. Sai dai lissafi fahimta yake so tun farko. Yaro sai ya taɓa abu, ya tara, ya raba, sannan bakwai take zama masa wani abu da ya wuce sauti. Shi ya sa makarantun kuɗi na birni suke sayo 'yan tubalan roba masu launi, bisa tafarkin da Maria Montessori ta soma a birnin Rum a 1907. Uwar da take tarbiyyar 'ya'yanta a cikin gida tana da abin da ya fi su, kuma kyauta.

Ta sa a yanyanka karan dawa gajeru, yaron ya riƙa ɗaure goma-goma da kaba. Talatin da huɗu ta zama dami uku da kara huɗu. Ranar da aka ce ya cire bakwai, zai ga kara huɗu ba su isa ba, dole ya kwance dami guda. Abin da malamin firamare zai kira "aro" daga baya ke nan, wanda yara da yawa suke rubutawa shekara da shekaru ba su san me suka ara ba. Harshenmu ma yana taimakawa: mai cewa "ashirin ba ɗaya" ya riga ya yi ɗebewa. Gurabun dara, layi biyar na rami shida-shida, su ne sau biyar na shida. Carbin kaka kuwa talatin da uku ne sau uku.

Wani zai ce wasa da abinci bai dace ba. Gaskiya ne, to a yi da tsakuwa, ko ƙwallon dabino, ko 'ya'yan tsamiya, a kuma nisanta su daga mai rarrafe. Bulala ma a ajiye ta. Hannun da yake rawa don tsoro ba ya ƙirga daidai.

Abin da ya sa muka kawo maganar a wannan shafi shi ne, ibadar manomi cike take da lissafi. Hatsin damina, idan ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya cikin goma. Wanda aka shayar da inji, ɗaya cikin ashirin. A tsayar da yaro ya ƙirga dammuna, duk na goma ya nuna a ware. Daren sallah a miƙa masa mudun Annabi: kowane mutum huɗu, mu shida ne a gidan, nawa za a auna? Ya auna da kansa har ya kai ashirin da huɗu.

Sai rabon gado, inda aka fi kuka. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, dukkansu suna cikin Suratun Nisa'i. A raba gurasa biyu, a sake rabawa, a sake, yarinya ta ga sumuni da idonta, ta san shi ne rabon matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya. Wadda ta san haka tun tana ƙarama, da wuya a ba ta ƙasa da haƙƙinta ta yi godiya. Al-Khawarizmi, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ba matsalolin wasiyya da gado kaso mai yawa a cikinsa. A ƙasarmu ma an yi Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Iyaye maza kuma kada su ce aikin mata ne. Maigida ne yake auna hatsi, shi yake zuwa kasuwar Bichi da awaki. Kafin ya ɗaure bakin buhu, ya kira yaron ya ƙirga masa kwano nawa suka shiga, in ya ɓata a juye a sake.