Dokin Laka Da Mazauninsa

A Ingila har manya sukan kafa 'yan sojojin wasa bisa ɗan faifai, su shafa masa fenti mai yashi, ya zama kamar ƙasar fagen fama. Yaran Talata Mafara, Bakura da Maradun gwanayen gina dokin laka ne, amma ba ya kwana bai karye ƙafa ba. A ajinmu muka kwaɓa laka da yashi da ƙaro, muka kafa dokin a kai tun da ɗanye, muka shanya a inuwa, gama rana takan tsaga shi. Jar ƙasa da gawayi ne fentinmu. Iyaye, kada ku tsauta wa yaro don ya ɓata riga. Amma in zai ɗebo laka bakin ruwan Bakolori, ku raka shi.