Daga Bakin Allo: Aljani Daban, Shaiɗan Daban

 Maganar wannan wata wani dattijo ne ya kawo mini ita har gida bayan la'asar, ransa a ɓace, yana riƙe da wayar jikansa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, kai ke karantar da yaron nan, to ka sani ya faɗa harkar shaiɗanu. Da kunnena na ji shi da abokinsa suna gardamar wane shaiɗani ya fi wane." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a zauna, a kira shi mu ji ta bakinsa."

Da yaron ya zo, ashe wasa ne irin wanda kowa ke zaɓen jarumi guda ya zama shi a cikin labari. Uban irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da takarda da fensir aka fara yinsa, mutum guda yana jan labari kamar mai tatsuniya, kafin ire-irensa su shiga kwamfuta da waya.

Gardamar yaran kuwa a kan halittu biyu ce, waɗanda da Faransanci ake kira démon da diable. A cikin wasan, na farko mahaukaci ne, ba doka ba alkawari, ɓarna kawai ya sa gaba. Na biyun kuwa mai tsari ne, yana da sarki mai suna Asmodeus da hakimai a gidajen wuta hawa 9, kuma ba ya ƙwace sai dai ya kawo yarjejeniya ka sa hannu da kanka. Su biyun ba sa ga maciji da juna, kullum cikin yaƙi suke. Fargabar dattijon nan ma ba sabuwa ba ce, domin kuwa ƙorafin iyaye a Amurka ya sa kamfanin TSR ya cire sunayen nan biyu a bugun 1989, ba a mai da su sosai ba sai a bugun shekarar 2000.

To amma fa abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Na ce wa yaron ya maimaita mini bayanin nan da Hausa, sai ya ce, "Malam, ai dukansu aljanu ne." Na ce mene ne bambancin aljani da shaiɗan? Ya yi shiru. Na ce Dodo fa? Ya ce wasan Mosawa ne na watan azumi. Jama'a, yaron da ya haddace hawa 9 na wutar Turawa, ga shi ya kasa rarrabe kalmomi uku na harshen uwarsa!

Alhali kuwa mu ma muna da namu rabe-raben, kuma sun fi nasu zurfi. Aljani halitta ce kamar yadda mutum yake halitta, kuma Suratul Jinni ta nuna a cikinsu akwai musulmi akwai kangararru. Shaiɗanci kuwa hali ne, shi ya sa Suratul An'am ta ambaci shaiɗanu a cikin mutane da kuma cikin aljanu. Iblis, kamar yadda Suratul Kahfi ta bayyana, daga aljanu yake. Ifiritu ya zo a Suratun Namli cikin ƙissar Annabi Sulaimanu, kuma har masu wasan nan sun ari sunansa sun saka a littattafansu. Ashe ke nan ba kowane aljani ne shaiɗan ba, ba kuma kowane shaiɗan ne aljani ba. Wani ma da hula da babbar riga yake yawo a kasuwa.

Sai kuma iskoki na 'yan bori, waɗanda malamanmu suka daɗe da yin hani a kansu, amma sanin tarihinsu ba bauta musu ba ne. Masu bori sun ce birninsu Jangare, sun raba su farare da baƙaƙe, kowanne da halinsa: Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da almubazzaranci, Malam Alhaji mai tasbaha da tari, ga Kuturu, ga Inna. Shi kuwa Dodo ɗan tatsuniya ne, mai ƙarfi amma wawa, kullum dabarar yarinya ko ta Gizo ke kayar da shi.

Wasan Dodo da yaron ya bai wa Mosawa kuwa, fataken Hausawa ne suka kawo shi Wagadugu a ƙarni na 19, ɗan'uwan tashe ne na ƙasar Hausa. Mu da muka tashi a tsohon Zango, wato Zangouettin, kafin aikin ZACA ya rushe shi a 2003, mun ɗaura fuskokin ƙwarya da kwali mun bi gida gida muna rawa a dararen azumi. Ba wanda ya ce mun zama shaiɗanu, domin iyayenmu sun san wasa, sun san gaske. Da unguwa ta watse, zaurukan hira suka watse, kakanni suka yi nisa da jikoki, sai waya ta gaje tabarmar tatsuniya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba ina cewa a sakar wa yaro waya ba ne ta cinye masa salla da karatu, a'a, a yanka masa lokaci. Amma ƙwace ta kaɗai ba zai koya masa kalma ko ɗaya ba. A tambaye shi abin da ya gani, a ba shi namu a madadinsa. Har darasi ma akwai a gardamar tasu, domin na tambayi yaron wanne ya fi haɗari, ya ce mai yarjejeniya, saboda da murmushi yake zuwa. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam macijin ƙaiƙayi ne, na sha gamuwa da irinsa."

An mayar wa yaro wayarsa bisa sharaɗin kowane dare bayan isha'i zai zauna gaban kakansa ya ɗauki tatsuniya guda. Allah ya tsare mana zuriya daga sharrin mutum da aljan, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.