Itatuwan Adar da Mizanin Hukuma

Duk wanda ya buɗe alƙaluman da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya take fitarwa bisa dazuzzukan ƙasashe, ya tarar cewa dajin Jamhuriyar Nijar, wanda ya kusa hekta miliyan 2 a shekarar 1990, ya koma miliyan 1 da 'yan kai a 2020, to babu makawa zuciyarsa ta raya masa cewa hamada ta riga ta ci ƙasar nan da yaƙi. Ba na musun wannan hisabi, domin gatarin masu neman itacen girki da fartanyar masu neman sabuwar gona ba su taɓa hutawa ba. Abin da nake musu shi ne a ce wannan mizani ya auna dukkan itacen da ke tsaye a bisa ƙasarmu, alhali kuwa a ƙa'idar hukumar ba a kiran wuri daji sai ya haura rabin hekta, itatuwansa suna iya kai mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, sa'an nan kuma ba gona ba ne. Da wannan sharaɗi na ƙarshe aka fitar da gawo da kalgo da aduwa da magaryar da ke cikin gonakin Madawa da Buza da Keita daga cikin lissafi.

Abin da masana suke aunawa idan suna neman haƙiƙanin arzikin daji shi ne nauyin busasshen itace a kowace hekta, wato gangar jiki da rassa da ganye, ban da saiwa. Sukan auna kaurin itaciya daidai ƙirjin mutum, su ɗauki tsawonta, su fitar da nauyin, wanda kusan rabinsa shi ne sinadarin kabon da itaciyar ta zuƙe daga iska. To, idan da wannan ma'auni za a bi ƙasar Adar ta jihar Tawa shekara bayan shekara, ina da yaƙinin za a sami labari dabam da wanda aka saba ji.

Dubi kwarin Majiya. A shekarar 1975, bayan babban farin da ya halaka dukiya, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoman ƙasar Buza suka soma dasa dogon yaro sahu biyu-biyu, tsakanin jeri da jeri mita 100, domin su karya ƙarfin iskar da ke kwashe albarkar ƙasa tana binne shuka. Aka yi ta yi har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita, amfanin gona ya ƙaru a bayansa, mutane kuma suka sami azara da itacen wuta daga sassabe rassansa. A Keita kuwa, inda farin 1984 ya tarar da duwatsu tsirara da ƙoramu masu cin gonaki, aka kafa wani babban aikin raya ƙasa da taimakon Italiya, ana biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan gangara, suka haƙa ramukan tare ruwa a bisa fako, har aka dasa itatuwa wajen miliyan 18 kafin a cika shekara ashirin. Ban taɓa tuna waɗannan mata ba face na ji cewa ƙasa ba ta biya su haƙƙinsu na yabo ba.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a ganina tana Galma, a ƙasar Madawa. Hotunan sama da aka ɗauka a 1975, da aka gwama su da na 2003, sun nuna itatuwa sun ninka a cikin gonaki, ga shi kuwa jama'a ƙaruwa suka yi. Mafi yawan irin wannan itace ba dasa shi aka yi ba. Manomi ne ya daina ƙone kututture, ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse saura, abin da ake kira sassabin zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980, har masu bincike suka ƙiyasta ya game hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Sai dai kada murna ta ɗauke mu, domin adadi dabam, nauyi dabam. Makiyayin da ya ƙidaya maraƙi da bijimi kai ɗaya-ɗaya bai san ƙimar garkensa ba; haka nan tsohon gawo guda, wanda mutum biyu ba sa iya rungumarsa, ya fi ɗaruruwan tsiron sabara nauyi, kuma idan aka sare shi a yini ɗaya, sai an yi shekaru masu yawa kafin gonar ta mayar da abin da ta rasa. Ashe ke nan yana yiwuwa itatuwa su yawaita a ido alhali nauyinsu yana raguwa, muddin ana kayar da manya ana taƙama da ƙanana. Wannan shi ne abin da nake tsoro a kwarurrukan Adar, inda buƙatar sabuwar gona da itacen birni take ƙaruwa kullum.

Maganin kuwa yana ga mallaka. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da babin raya mataccen wuri, suka lissafa dasa itace cikin abubuwan da ke tabbatar wa mutum haƙƙi a kan ƙasa. Amma dokar daji da aka gada daga Faransa ta daɗe tana ɗaukar itace kayan gwamnati, har manomi ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don gudun tara. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sa'an nan ƙudurin watan Yuli na 2020 ya amince wa manomi da itacen da ya raina a gonarsa. Sauran aiki shi ne labarin ya isa kowane ƙauye da harshen da mutane suke ji.

Saboda haka ina roƙon mahukuntan jihar Tawa da jami'ar da ke birnin su keɓe filayen awo na dindindin a Majiya da Keita da Galma, gona da tudu da fadama, a riƙa auna kaurin itatuwansu a kan lokaci ƙayyadadde, a kuma karanta wa sarakuna da talakawa sakamakon a gidajen rediyo. Ranar 3 ga Agusta, da ake bikin dasa itace, kada a tsaya ga faɗin nawa aka dasa bana. A gaya mana nawa suka rayu daga na bara, da kuma manyan gawo nawa suka rage a tsaye.