Dala na shigowa, Sabo na nan jiya i yau

Jama'ar Sabo, mu gaya wa kanmu gaskiya. Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya mazauna waje na aiko kusan dala biliyan 20 a shekara, kuma 'ya'yanmu na Ingila da Saudiyya na ciki. To, namu kason ina ya tafi? Lefe, anko, da gidaje a Kano da ba mai kwana ciki.

Mun haifi likitoci, ba mu taɓa cewa su zo su duba marasa lafiyar unguwa ba. Alat kawai muke jira. Tun 1916 muke Ibadan, wai har yau baƙi ne mu!

In yaro ya bugo waya, mu nemi iliminsa da jarin da za a juya a nan. Allah Ya ganar da mu.